Alayyahun da ke Gindin Dam

Mun fito daga Galtimari bayan sallar asuba, gari bai gama wayewa ba, ni da maƙwabciyata da mijinta a tsohuwar motarsa ta ɗaukar kaya. Shi albasa zai sayo wurin masu noman rani, ita kuma iska za ta sha. Ni na ce musu rakiya ce kawai, amma duk mun san ba haka ba ne. Dam ɗin da za mu je, can maigidana Malam ya yi gadi fiye da shekara ashirin, can kuma ya tsaya ranar da mutanen daji suka shigo kowa ya gudu. Ya ce in yi gaba, zai rufe ƙofar ruwa ya biyo ni. Shekara tara ke nan ban ga gawarsa ba, ban ga wanda ya gan ta ba. 'Yar ƙanwata da ke rubuta mini wannan ta ce in daina kuka in yi magana. To zan haɗa su biyun.

Ba babban dam na Alau nake nufi ba. Namu ƙarami ne, ganuwar ƙasa ce aka tare kwari da ita, a hanyar Dambuwa in an wuce Molai. Bana ne aka ce mutane sun soma komawa.

A bakin gari, inda aka haƙa ramin nan da ya zagaye Maiduguri, muka tarar da layin motoci da Keke mai ƙafa uku ana jiran a buɗe hanya. Manoma da fartanyoyinsu, mata masu itace da igiyoyi a kafaɗa, masu ƙosai da kunu suna bin layi. Ƙosan ya ƙanƙance har sai ka jefa biyu a baki kafin harshe ya san an yi baƙo. Wani ɗan gora mai furfura, cikin 'yan sa-kai masu tsaron hanyar, ya karɓi katina na shaida, ya dubi hoton, ya dube ni, ya ce ai na 'yata na ɗauko. Na ce masa ni ce, lokacin ina da miji. Ya mayar mini da hannu biyu, ya ce mu tabbata mun dawo kafin la'asar, don in aka rufe an rufe.

Hanyar ta lalace. Maƙwabciyata da mijinta suka yi ta faɗa a kan ramuka, tana cewa da gangan yake faɗawa, yana cewa ta sauka ta ciccike su da laffayarta. Na juya kai ina kallon bangayen da suka ƙone da sababbin kwanukan rufi na waɗanda suka dawo. Allah ya gani, faɗan nan nasu ya fi ramukan ciwo a jikina. Ban taɓa sanin mutum zai yi ƙyashin a yi masa tsawa ba.

Da hantsi muka isa. Ruwan na nan yadda na bar shi, shimfiɗe, fararen tsuntsaye a gefe. Iyalai sun baza tabarmi, ana gasa karfasa da tarwaɗa, masu kwale-kwale na zagayawa da mutane, 'yan mata na ɗaukar hoto da waya. Kifin ya yi tsada, abin da za ka ba da a kan guda ɗaya da can kwando ne. Na lura an ja igiya a cikin ruwa an ɗaure mata jarkoki, don masu wanka su san iyakarsu. Gaba da wurin laka ce mai riƙe ƙafa. Malam da tsumagiya yake korar mutane daga can, bai taɓa tunanin igiya ba. Dabara ce mai kyau, kuma haushinta na ji.

Maƙwabtana suka tafi wajen albasa. Ni ƙafata ta kai ni ɗakin gadi. An yi masa shuɗin fenti, an sa sabuwar ƙofa. Wata mata na zaune a gaban murhu, kuma duwatsun murhun nawa ne, guda ukun da na ɗauko daga kwari da kaina. Matar sabon mai gadi ce, mutanen garin Biyu ne, Kiristoci, ba za ta wuce sa'ar 'yata ba. Ta ce, “Mama, sannu da hanya, shigo inuwa.” Ban gaya mata ko ni wace ce ba. Ta zubo mini tuwo da miyar alayyahu. Na so in sami abin kushewa a miyar, ban samu ba.

Mijin ya sauko daga kan ganuwa, makullai na kaɗawa a ƙugunsa. Ta tashi ta zuba masa ruwa ya wanke hannu, ta ce yau ma ya manta hularsa, rana za ta cinye sauran gashin. Suka yi dariya.

Da na yaba miyar don kunya, sai ta ce in zo in ga gonarta. Ta kai ni bayan ganuwa, can ƙasa a gindinta, ɓangaren da ba ruwa. Alayyahu da yakuwa kore shar, a tsakiyar rani. Ta ce wurin albarka gare shi, ba ta taɓa ba shi ruwa ba, kullum a jiƙe yake, bana ma ya ƙara faɗi har ta ƙara kunyar shuka biyu.

Na san wurin. Ta nan ruwan dam ke tsatsowa ta ƙarƙashin ganuwa. A zamanin Malam danshin bai fi faɗin tabarmar salla ba, kuma ko ciyawa ba ya bari ta fito a kai, don ya riƙa ganinsa. Kowace safiya yakan cika farar kwalba da ruwan wurin ya ajiye a taga. In ya kwanta garau, lafiya. In laka ta taru a gindin kwalba, to ruwa na cin ganuwar ta ciki yana fitar da ita kaɗan-kaɗan, sai ya hau keke ya kai rahoto a zo da yashi da tsakuwa. Ni ke wanke kwalbar. Yanzu danshin ya kai faɗin ɗaki, ganye ya rufe shi. Daga nan inda nake tsaye ina hango rufin gidajen da ke ƙasan kwari, wajen da ruwa zai bi in ganuwa ta buɗe.

Na ce mata Allah ya ƙara albarka, na koma na zauna.

Rubuta wannan yadda na faɗa, kada ki gyara. Na riƙe abin da na gani a cikina tun kafin azahar har rana ta karkata. A raina ina cewa sun karɓi ɗakinsa, sun karɓi makullansa da murhuna, to wannan abu ɗaya ba zan ba su ba. Har na raya cewa in wani abu ya faru, a lokacin ne mutane za su ce ai da Malam na nan da ba a yi haka ba. Na yi salla da wannan tunani a ƙirjina, kuma ban ji daɗin sallar ba.

Mijin maƙwabciyata ya soma danna oda, albasa ta cika mota. Mai gadi ya rako ni yana ba ni labarin aikin, wai da wuya, don takardun wurin duk sun ƙone. Ya ce, “Wanda ya riƙe wurin kafin ni ma, Mama, an ce tsoho ne kawai mai korar yara. Bai bar mana komai ba.”

Ba tausayin mutanen kwari ne ya buɗe bakina ba, kada in yi wa Allah ƙarya. Wannan maganar ce.

Na ce, “Ɗana, tsohon nan mijina ne. Samo mini farar kwalba.”

Matar ta dafe ƙirji. Ta juye sauran man gyaɗanta a kofi, ta wanke kwalbar ta kawo. Na tuɓe takalmi na shiga cikin alayyahun, na tona da hannu inda na sani, ruwa ya taru, na cika. Muka ɗora ta a kan dutse mu uku muna kallo, oda na ta ƙara a sama. Ba a daɗe ba jar laka ta kwanta a gindinta, kaurin ɗan yatsa. A duk shekarun Malam ban taɓa ganin ta kai haka ba.

Na gaya wa mai gadin duk abin da na sani: a share ganyen, a auna faɗin danshin da turaku, a toshe ramukan gafiya, a tumɓuke 'yan darbejiyar da suka tsiro a kan ganuwa tun saiwarsu ba ta huda ta ba. Bai katse ni ba ko sau ɗaya. Ya ce gobe da sassafe zai kai kwalbar ofis da hannunsa. Matar ta dubi gonarta, ta dube ni, ta ce, “Mama, tun ɗazu kin gani?” Na ce na gani. Ta sunkuya ta soma tuge alayyahun da kanta, ta ɗaura mini dami guda a gefen laffaya.

Da ƙyar muka riski ƙofar gari kafin a rufe. Maƙwabcina ya yi ta mita har Galtimari, wai tsohuwa ta kusa sa su kwana a daji saboda wasa da laka. Abin da ke idona shi ne abin da na hango da mota ta juya: mai gadin a gaba a kan ganuwa, matarsa a bayansa riƙe da kwalba da hularsa.

Ban sani ba ko mutanen ofis sun je. Duk wanda zai kai iyalinsa shan iska can, ya tsaya bayan igiya, ya kuma tambayi mai gadi labarin kwalba. Abin da tafiyar nan ta nuna mini shi ne baƙin ciki bai mai da ni mutuniyar kirki ba, saura kaɗan in dawo gida da abin da ya kamata in bari a can. Da magariba na roƙi Allah ya riƙe ganuwar nan. Na kuma roƙe shi ya bar wa matar nan mijinta. Ta farkon da sauƙi ta fito. Ta biyun sai da na maimaita ta sau uku.