Kwalbar da Na Ƙi Cikawa

Shekarun farko na samun 'yancin kai, ni fatake ne mai sayen gero a Dakoro ina kaiwa Maraɗi, na haura hamsin, kuma ban yarda da kowa ba. Ko aski aka yi mini sai na tattara gashina na binne da hannuna. Sai fitsari ya fara yi mini gardama. In na tsuguna ya ƙi zuwa, in na yi alwala ya ɗigo a wando. Ni da ban taɓa rasa sahun gaba ba, na koma sallah a ɗaka kamar mai jego.

A asibitin Maraɗi lokotoro ya duba ni, ya ce wata tsoka ce ta kumbura a bakin mafitsara, ciwon dattawa. Ya ba ni ƙatuwar kwalba, wai in tara fitsarin yini da kwana, za a aika a auna ƙarfin mazantakata kafin a san maganin da ya dace. Wanda ya fassara mini maganarsa kuwa ɗan abokin gabana ne a kasuwar hatsi, yana aikin jinya. Mai binne gashinsa ne zai miƙa wa ɗan maƙiyi mazantakarsa a kwalba? Yaron ya bi ni har bakin ƙofa yana kirana Baba, yana roƙon kada in yi wasa da ciwon. Ladabin nasa ma ya ƙara mini zargi. Na ajiye kwalbar bayan katanga, na hau mota.

Na sha jiƙe-jiƙe har damina ta wuce. Ranar kasuwar Kornaka fitsarin ya tsaya cak, marata ta kumbura, na faɗi cikin buhuna ina kuka gaban mutanen da ke jin tsorona. A kan lodin gyaɗa aka kai ni Maraɗi. Yaron nan ne ya sa mini robar fitar da fitsari, ni kuwa kunya ta hana ni kallonsa. Lokotoro ya ce mafitsarar ta riga ta saki.

Dattawa 'yan'uwana, in fitsari ya fara yi muku gardama, ku je a auna, ku bar zargi. Ba wanda ya yi mini sammu. Na ƙi cika kwalba yini guda, ga shi yau da irinta nake yawo ɗaure a cinya, roba na zuba fitsari a ciki, ina sallah a ƙarshen sahu.