Yamusa da Bututun Gaban Amarya

Yamusa ba injiniya ba ne, bai kuma taɓa cewa shi ne ba. Maƙerin kwano ne. Daga wajen Akwanga ya zo Abuja, ya fara da buga bokiti da murhun gawayi a Karmo, har wani ɗan kwangila ya ɗauke shi aikin bututun iska, irin dogayen akwatunan kwanon nan da ake ɓoyewa cikin silin su raba sanyin na'ura. Rumfarsa tana jikin katangar gidana. Shekara goma sha ɗaya ina jin gudumarsa. Na yi masa faɗa ya fi a ƙirga, bai rage ba.

Yana da wani faifan kwali mai lambobi da ake juyawa, ya tsufa har an ɗaure shi da salatif. Da shi yake fitar da girman bututu. Ya taɓa yi mini bayani ban tambaye shi ba. Da farko a san yawan iskar da wuri yake buƙata. Sannan a zaɓi faɗin da zai ɗauke ta ba tare da ta yi gudu ba, don in bututu ya matse, iska takan yi fito kamar buta a wuta, na ƙarshen layi kuma bai samu komai ba. Duk inda reshe ya fita, sai uwar bututun ta ragu daidai iskar da ta rage mata. Ya ce aikin ke nan, saura duka guduma ce.

Bara Hajiya Rukayyat, wadda ta yi ritaya daga wata ma'aikata, ta gina ɗakin taron biki a hanyar Kuje. Ɗan yayarta Nazeer, injiniya mai takardu, shi ya zana aikin iskar, aka ba Yamusa bugawa. Zanen ya raba ɗakin gida huɗu, kujera ɗari ɗari, kowane reshe faɗinsa inci goma sha shida, zurfinsa goma sha biyu. Yamusa ya duba, ya naɗe takardar, ya ce ba zai yanka kwano a kan wannan ba.

A gabana suka yi, don Nazeer har rumfar ya biyo shi.

"Baba Yamusa, ina kuskuren? Nuna mini lamba ɗaya."

"Oga, lissafinka babu kuskure. Kujera ka sanyaya. Kujera ba ya gumi."

"Mutane ai a kan kujerun za su zauna."

"Ka taɓa shiga kamu?"

"Me zai kai ni taron mata?"

"To shi ne."

Nazeer ya ce ya ba shi zuwa Litinin. Ko ya buga yadda aka zana, ko a kai wa wani. Wannan ne babban aikin da Yamusa ya taɓa samu da sunansa, ba a ƙarƙashin kowa ba. In aka ƙwace, labari zai zaga cewa tsohon nan taurin kai gare shi, babu injiniyan da zai ƙara nemansa. Matarsa Christina ta leƙo ta ce ya buga abin da aka ce mana, ai ba sunansa ne a takardar ba. Ya ce sunansa ne a kwanon.

Ranar Juma'a Yamusa ya yi mini sallama da ladabin da ban san shi da shi ba.

"Mama, gobe kina da biki?"

"Ina ruwanka?"

"Ƙirga nake so ki yi mini. Ni ba za su bar ni na shiga ba."

Ina da kamun jikar ƙawata a wani ɗakin taro mai kusan girman na Hajiya Rukayyat. Ya tsaga takarda, ya ja layi ya raba ta huɗu, ya ce duk rabin awa in rubuta mutum nawa ne a kowane kashi. Na ce shekara talatin na yi ina buga tafireta a ofis, ba ƙidayar jama'a ba. Amma na karɓa.

Da ƙarfe huɗu kowa na zaune, kamar yadda Nazeer ya zata. Da amarya ta shigo, sai ɗakin ya kife gaba. Ƙawaye, dangin ango, masu liƙi, masu ɗaukar hoto da fitilunsu masu zafi, ga kaskon turaren wuta biyu a gefen kujerarta. Na ƙirga ɗari biyu da sittin a kashin gaba, na gaji na bari. A kashin baya mu goma sha tara ne, duk masu ciwon gwiwa, muna jan mayafi don sanyi. Kwalliyar amarya kuwa tana narkewa, wata na yi mata fifita da katin gayyata. Haka aka tafi har kusan magariba.

Litinin da safe Nazeer ya zo. Yamusa ya miƙa masa takardata.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Ni," na ce. "In kana shakka, tambayi mahaifiyarka inda take tsayawa a wurin biki."

Ya yi dariyar da bai shirya ba. Ya ce, "Mama, ai ita ce ta gaban gaba." Ya zauna a bencin Yamusa, ya buɗe kwamfutarsa. Yamusa ya ɗauko faifansa. Na'urar ba ta canza ba, rabon ne ya canza: fiye da rabin iskar ta koma gaba, rassan baya suka ƙanƙance. Nazeer ya ce reshen gaba zai yi zurfi, akwai bim, wato gicciyen kankare mai riƙe rufi, a wurin, ba zai wuce ba. Yamusa ya ce a bar zurfin yadda yake, a ƙara faɗi. Ya juya faifai ya ce faɗi inci talatin, zurfi goma sha biyu. Nazeer ya daɗe yana danne-danne, sannan ya ce faɗin ya zama talatin da biyu.

"Talatin ya isa, oga."

"Talatin da biyu, Baba. Akwai lanƙwasa biyu kafin a kai wurin, suna cin iska."

Yamusa ya ƙirga lanƙwasar da yatsa a kan zanen. Ya ce, "Gaskiyarka. Na manta na biyun."

Nazeer ya gyara zanen a nan take, ya sa hannu, ya ce gobe zai aiko da mai tsabta. Yamusa ya ce kada ya wahalar da kansa. Ya jawo fallen kwano na farko, ya ɗora ma'auni, ya ja layi da ƙusa, ya sa almakashi.