Ranar da Gwadabe Ya Ƙi Amsa Sallama

Duk wanda ya san Gwadabe masassaƙi na Sundimina ya san shi da abu biyu: ba ya yar da komai, kuma ba ya wuce mutum bai gaishe shi ba. Gaisuwar ma har gajiyar da mutane take yi. In ya tare ka a hanya sai ya tambayi gida, ya tambayi yara, ya tambayi gona, sannan ya dawo ya tambayi akuyar nan taka da ta yi ɗingishi bara. Mai sauri in ya hango shi tun daga nesa yake ratse lungu.

Rashin yar da kaya kuwa, matarsa Mas'uda ta fi kowa shan wahalarsa. Turmi ya tsage, ya raba shi ya zama kujeru biyu. Tasa ta huje, ya kife ta ta zama murfin akurki. Ƙofar wata mota da ta mutu a hanyar Gwaram ita ya ɗauko ya yi wa ɗakin awaki, har yau in ka murɗa hannun gilashin, taga tana buɗuwa. Ɗanyen ice kuma ba ya sara. Sai iska ta kayar da kirya ko danya yake ɗaukar gatari, ya ce itacen da ke tsaye bai gama aikinsa ba. Mutane suna yi masa dariya, su kuma zo aron abin da ya haɗa.

Sassaƙar ba gado ya yi ba. Yana da shekara tara ubansa ya rasu, aka kai shi Gwaram hannun Baba Maikano, masassaƙin da turminsa yake shekara talatin bai nuna tsagewa ba. Shekara goma sha huɗu ya yi a zauren nan. Baba Maikano ne ya ciyar da shi, ya dake shi, ya koya masa riƙon gizago, shi ne kuma ya nema masa auren Mas'uda. Don haka Gwadabe, ga furfura a gemunsa, ba ya tsallake Juma'a biyu bai shiga mota ya je ya durƙusa gaban tsohon ba. A duniyar nan ba shi da wanda yake tsoron ɓacin ransa kamar Baba Maikano.

To, shekara biyu bayan an ba mu jiha, sai gonaki suka rasa masu tsaro. Samari duk sun kwashe sun tafi Dutse aikin leburanci, ana ta gine-gine, ƙananan kuma an tura su makaranta. Gonar Gwadabe tana bakin dutse, gefen hanyar da ta fito daga titi, birai kuwa sun mai da ita ta gado. Ya kafa mutum-mutumi irin na kowa, kara biyu da tsumma. Washegari ya tarar da wani ƙaton biri zaune a kafaɗarsa yana ɓare masara. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. A ce shi, Gwadabe, biri ya raina aikin hannunsa!

Ya rufe kansa a bayan gida wata guda. Ko Mas'uda bai bari ta leƙa ba, saboda a zauren Baba haka ya taso, ba a nuna wa kowa aiki sai an gama. Taɓare biyu da suka karye ya yi ƙafafu da su. Sifirin ɗin tsohon gado ya sa a wuya. Ya ɗaura wani faranti a baya, ƙarƙashin riga, ya haɗa shi da kafaɗa da robar tif, yadda in iska ta bugi farantin kan zai juyo, hannun dama ya ɗaga ya yi kora, gwangwanayen da ya rataya masa su yi ƙara can cikin dawa. Da ya tsaya nan da ba a yi komai ba. Amma da ya zo kan kai, sai hannunsa ya ƙi tsayawa. Ya jingina madubin babur a bango, yana duba fuskarsa yana sassaƙa guntun danya: ga hancin nan nasa mai faɗi, ga tsagar kumatu, ga ramin da ke tsakanin girarsa. Ya ƙona icen da ƙarfe mai zafi yadda ake yi wa akushi, ya shafe shi da man kaɗe har ya yi launin fatarsa. Ya liƙa gemu da gashin bunsuru. Ya sa masa tsohuwar rigarsa shuɗiya da malfarsa.

Da ya ja baya ya duba, gabansa ya faɗi, sannan daɗi ya kama shi. Tunda yake bai taɓa yin aiki kamar wannan ba, ya kuma sani.

Ya kai shi gona cikin buhu da sassafe. Kullum bayan asuba yakan je ya sauya masa wuri don kada biran su gane, ya komo gida ya kama aikin turamensa a bayan gida inda ba mai ganinsa. Birai kuwa suka ɗauke ƙafa ɗif. Abin da kawai ya ɗan dame shi, mutanen gari sun fara amsa gaisuwarsa a daƙile, wasu ma su kau da kai. Ya ɗauka zafin damina ne.

Ran Juma'a ya shiga motar Ƙasimu direba ya tafi Gwaram da goronsa a aljihu. Ya tuɓe takalmi a ƙofar zaure ya yi sallama. Yana hango tsohon a kan buzunsa. Shiru. Ya sake. Sai ya ji muryar Baba Maikano, a sanyaye, yana faɗa wa maƙwabcin da ke zaune kusa da shi:

"Ka gaya wa mai sallamar nan ba na nan. Ka kuma gaya masa na rantse ƙafarsa ba za ta sake taka zauren nan ba. Ranar da na mutu ma, kada ya kama makarata."

Gwadabe ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Kunnensa ya yi dum. Bai san lokacin da ya komo tasha ba, ya zauna a kan benci yana kallon ƙasa, hawaye na bin gemunsa, mutane suna wucewa suna kallonsa.

Ƙasimu ne ya zo ya tsaya a kansa, rai a ɓace.

"Malam Gwadabe, kuka kuma na mene ne? Ai kai ka jawo. Wallahi ban taɓa zaton haka daga gare ka ba."

"Me na yi, Ƙasimu? Don girman Allah, me na yi?"

"Au, tambaya kake? Ran Talata ni na ɗauko tsohon nan, da idonsa da ba ya gani sosai, da jakar fata a rataye. Ya ce kayan aikinsa zai kai maka da kansa, shi ya gama sassaƙa. Na sauke shi a bakin hanyarku, na tsaya zuba wa mota ruwa, ina kallo. Ya dogara sanda har gefen gonarka. Kana tsaye cikin dawa da shuɗiyar rigarka. Ya yi maka sallama sau uku, har nan ina jiyo shi. Ka juyo ka kalle shi, ka ɗaga masa hannu haka, kamar mai korar kaza, ka juya masa ƙeya. Mutumin da ya rene ka! Da ya dawo mota, cewa kawai ya yi in mai da shi Gwaram."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Gwadabe. Ya ɗora hannu biyu a ka. "Ƙasimu, ba ni ba ne. Ice ne."

"Wane irin ice?"

"Ice! Danya da taɓarya da sifirin ɗin gado!"

Ƙasimu ya ɗan matsa baya, don a zatonsa mutumin ya taɓu.

Sai da suka je gonar tare. Ƙasimu ya dubi Gwadaben da ke gefensa, ya dubi wanda ke cikin dawa, iska ta kaɗa, na cikin dawar ya juyo ya ɗaga masa hannu. Direba guda, mai iyali, ya zubar da hularsa ya yi titi da gudu yana a'uziyya. Kafin la'asar labari ya cika Sundimina, a nan ne kuma Gwadabe ya ji sauran ta'asar. Ashe limamin unguwa ya yi wa icen sallama. Mai unguwa ya yi masa sannu da aiki har sau biyu. Wata tsohuwa ta tsaya ta ba shi labarin ciwon ƙafarta tun daga farko, ya kore ta da hannu. An gama yanke masa hukunci a majalisa cewa tunda ma'aikatan sabuwar jiha suka fara sayen kujerunsa ya ɗauki girman kai, amma ba wanda ya iya tarar sa da maganar, kowa ya bar ta a ciki. Mas'uda da ta gan shi ta saki tulu, ta ce ita kam ba za a kwana da wannan abu a gidanta ba.

Yanzu gari na ta dariya, har da masu riƙe ciki. Gwadabe bai yi dariya ba. Shi dai zauren nan yake gani, da muryar da ta ce ba na nan.

Washegari ya sa mutum-mutumin a gidan gaba na motar Ƙasimu, ya zauna kusa da shi ya riƙe. Fasinja biyu suka sauka suka ce sun fasa tafiyar. A Gwaram ya saɓo shi a kafaɗa tun daga tasha, jama'a na biye, wasu na salati, don sun zaci gawar ɗan'uwansa ya ɗauko ba likkafani. Ya kafa shi a ƙofar zauren, shi kuma ya durƙusa a ƙasa daga waje, bai taka dokin ƙofa ba. Ƙasimu ya shiga ya yi bayani, ya rantse, ya sake rantsewa.

An daɗe kafin Baba Maikano ya fito, yana laluben bango. Ya wuce Gwadabe kamar bai san da shi ba. Ya tsaya gaban icen, ya jingine sandarsa, ya ɗora hannu biyu a fuskar. Yatsun nan da suka shekara sittin suna shafa ice suka bi goshi, suka gangaro hanci, suka tsaya a tsagar kumatu. Ya ɗaga rigar ya laluba farantin da robar, ya ja, hannun ya ɗaga. Tsohon ya zabura har sai da Ƙasimu ya tare shi.

"Kai ka yi wannan?"

"Ni ne, Baba. Birai ne suka dame ni. Ka yafe mini."

"Da wane ƙarfe ka fitar da fatar idon nan?"

"Tsinken lema na wasa, Baba."

Baba Maikano ya girgiza kai. Ya ce, "Na zaci idona ne ya cuce ni. Ashe ko da idona garau sai na yi masa sallama. Ni ban iya wannan ba, Gwadabe. Wanda ya koya mini ma bai iya ba." Sannan fuskarsa ta murtuke. "Na kuma gode wa Allah da ban iya ba. Turmi na koya maka, da akushi, da allo. Yaushe na koya maka yin mutum? Ran gobe in aka ce ka busa masa rai, me za ka ce? Ka sa liman ya yi wa danya sallama. Ka sa na yi rantsuwa a kan ɗan da na rena."

Gwadabe ya kifa goshinsa a ƙasa.

Tsohon ya ce a miƙo masa jakar fatar. Ya zura hannu ya zaro gizagonsa, wanda ƙotarsa ta yi baƙi ta yi santsi saboda riƙo, wanda Gwadabe ya shekara goma sha huɗu yana wasa masa amma ba a taɓa barin sa ya sara ice da shi ba.

"Ga abin da na kai maka ran nan. Rantsuwa ni na yi, kaffararta tana wuyana, zan ciyar. Ƙafafun da hannun da farantin nan ka bar su, dabara ce mai kyau, ka koya wa mutane su huta da birai. Amma fuskar nan ba za ta koma Sundimina ba. Tashi ka fara aiki da shi."

Gwadabe ya karɓa da hannu biyu. Ya miƙe ya tsaya gaban fuskar. Wata guda ya yi a kanta, ya kuma san ko zai shekara ɗari ba zai sake yin kamarta ba, ba kuma za a sake barin sa ya gwada ba. Wani daga cikin jama'a ya ce, "Kai, asara!" Wani ya ce a bari a kai ta Dutse gwamnati ta gani. Bai waiwaye su ba. Zuciyarsa na ƙuna ya yi bisimilla, ya rufe ido, ya kai sara. Hancin ya faɗo ƙasa ya gangara gaban takalmin Ƙasimu, mata suka yi salati. Ya sake kai wani, gizagon ya kafe a kumatu ya ƙi fita.

Baba Maikano, da ya karkata kunne yana sauraron saran, ya yi tsaki. Ya lalubo wuyan hannun Gwadabe ya riƙe, ya ɗan karkata masa shi.

"Haka na koya maka? Wa ya ce ka rufe ido? Bi jijiyar icen, yaro, a hankali. Za ka ɓata mini bakin gizago."