Salansar Yaya

Yayana da kunne yake cin abinci, ba wasa nake ba. Gyaran janareta ne sana'arsa, kuma tun ina 'yar firamare nake ganin yadda yake yi. A kawo inji yana tari, sauran kanikawa su zagaye shi da sifana suna gardama, shi kuwa ya ce a tayar, ya karkata kai gefe guda, ya yi shiru. Can sai ya faɗi abin da ya lalace, ya koma kan bencinsa. A kwance injin, a tarar haka ɗin ne. A layin masu gyara ba wanda ya san sunansa na yanka, Kunne suke ce masa. Mu ma a gida mun sha wahalar wannan kunne. Ni ce auta, kuma ban taɓa buɗe tukunyar miya a ɓoye na tsira ba, daga ɗakinsa yake jin ƙarar murfi.

To, kunnen nan ne ya fara tafiya, kuma kowa a gida ya sani sai mai shi. Talabijin ya koma sai an ƙure masa murya. Ka yi masa magana ya ce "Na'am?", ka maimaita ya ce "Haka ne," ko da tambayar sa ka yi ina makulli. Ra'ayinsa shi ne mutanen yanzu ba sa buɗe baki in suna magana. Matarsa ta ce in gaya masa tunda ni ce mai baki. Na ce ita ta gaya masa tunda ita ce mai ɗaki. Gaskiyar magana tsoro muke ji. Mutumin da ba shi da gona ba shi da albashi, sai kunne biyu, wa zai tsaya a gabansa ya ce masa jarinsa na zuba?

A cikin wannan hali ne ya sayo babur.

Tun yana saurayi yake son babur na tsere, irin wanda ake kifa ciki a kan tanki. Aure ya zo, yara suka zo, makaranta, rufin ɗaki, asibiti. Sai da gemunsa ya yi fari, ƙaramar 'yarsa ta gama karatu, sannan ya turo abinsa tsakar gida. Na hannu ne, ja, ya ratsa hannaye da dama kafin ya iso mu. A gefen dama akwai dogon karce inda wani daga cikin tsofaffin masu shi ya sha ƙasa. Yaya ya hau, tumbinsa ya zauna daram a kan tankin, ƙafafunsa a naɗe can baya, ya ce wallahi kamar da shi aka auna. Tun daga ranar gidan ke warin man zafi.

Matarsa ta ce, "Baban yara, da wannan bayan naka?"

Ya ce, "Haka ne."

Abu ɗaya kawai ya dame shi. Ya tayar da babur ɗin, ya karkata kai, ya ɓata fuska.

"An shaƙe shi, Auta," ya ce min. "Inji kamar wannan a ce ba ya magana? Wani mugu ya toshe masa maƙogwaro."

Babur ɗin yana magana lafiya lau. Ina tsaye a wurin, har cikin ƙirjina nake jin sa. Na buɗe baki, matarsa ta taka min ƙafa.

Dole in bayyana wani abu game da Yaya. Mutum ne mai bin doka har ya ba ka haushi. Yana tsayawa a jar danja ko da ba kowa a titi sai shi da akuya. A garinmu kuwa akwai doka a kan ƙarar salansa: akwai iyakar da ba a wucewa, in aka tare ka sai a tura ka wurin gwaji, ka faɗi karo na farko a ba ka dama ka gyara, ka sake faɗuwa a riƙe babur ɗin. Yaya ya san wannan sarai. Ya ce shi ba ɗan iska ba ne irin yaran da ke cire salansa su hana mutane sakat. Zai buɗe wa injin murya ne har gab da iyakar, ya tsaya nan, ba zai taka ta ba.

Na ce, "Da me za ka auna? Akwai na'urar a kasuwa, har a waya ma ana sawa."

Ya dube ni kamar na zagi Babanmu. Ya nuna kunnensa da ɗan yatsa.

A cikin salansar akwai wani ɗan bututu mai huda-huda, naɗe da wata irin auduga da ba ta cin wuta, shi ne ke rage ƙara. Shi Yaya ya zaro ya kai wa abokinsa mai walda. Suka ƙara masa huda, suka mayar. Yaya ya murɗa totur, ya ja da baya, ya saurara, ya ce da saura. Suka rage audugar. Da saura. Suka yanke bututun ya koma rabi. Daga baya na tare mai waldan na ce masa kai ba ka da kunne ne? Ya ce, "Haba ƙanwata, me zan ce? Kunne ne fa da kansa ya ce bai kai ba. Sai na ɗauka nawa ne aikin walda ya lalata."

Kowa ma haka ya ɗauka. Idan Yaya ya tayar da babur da safe, motar maƙwabcinmu takan fara kuka ita kaɗai. Kofunan mai shayi na bakin layi suna rawa a kan tebur. Malamar makarantar yara da ke bayan gidan takan dakatar da darasi, yaran su naɗe hannu su jira ya wuce. Wata tsohuwa ta fito ba mayafi tana salati, ta zaci katanga ce ta faɗi. Amma ba wanda ya kai ƙara, don babu gidan da Yaya bai taɓa tayar musu da janareta ana zafi ba. Sukan ɗaga masa hannu dai alamar ya sassauta, shi kuma ya ɗaga musu nasa, ya dawo gida yana cewa mutanen layin nan akwai zumunci.

A wannan tsakanin ne aka kira shi gidan burodi, babban janaretansu yana wani irin ƙwanƙwasa. Ya je, ya saurara, ya ce lafiyarsa ƙalau. Ba a daɗe ba injin ya buga, ƙullun da aka kwaɓa ya lalace. Yaya ya ce baƙin mai ne mara kyau suke sawa. Mai burodin bai yi musu da shi ba, amma bai sake kiran sa ba, kuma zancen ya fara yawo a layin masu gyara. Na ji zafin abin, ba zan ɓoye ba. Na yi kuka a banɗakin shagona, na wanke fuska na koma kan keken ɗinki.

Jami'an hanya ne suka yi mana abin da muka kasa. Suka tare shi a shataletale, suka ce ya kai babur ɗin gwaji. Ya dawo gida da fara'arsa, ya ce madalla, gara a je a auna kowa ya huta. Matarsa ta tura ni in bi shi, wai in an riƙe babur ɗin in dawo da shi a motata kafin ya yi wa hukuma wa'azi.

Wurin gwajin wani fili ne mai siminti, da rumfar kwano a gefe inda masu babura ke jiran layi. Mai gwajin wata matashiya ce mai rigar aiki da ƙaramar murya. Ta kafa na'urarta a kan ƙafafu uku a bayan salansar, ta gyara mata tsayi, ta ce ya murɗa totur zuwa rabi ya riƙe. Ya murɗa. Tattabarun da ke kan rumfar suka watse. Lambar da ke fuskar na'urar ta haura ta koma ja, mai gwajin ta toshe kunne ɗaya da kafaɗa tana rubutu.

"Baba, ka wuce," ta ce bayan ya kashe. "Ba kaɗan ba."

"Na'am?"

Ta juya masa na'urar ya gani.

Ya duba, ya yi murmushi irin na manya. "'Yata, na'urarki ba ta da lafiya. Ba laifinki ba ne, rana ce ke dukan ta. Tun ba a haife ki ba nake sauraren inji."

Ba ta yi fushi ba. Ta ce ga wanda ta gama aunawa yanzu-yanzu da na'urar nan, kuma ya ci. Ta nuna wani mutum mai hular kwano da ke gefen rumfa, zaune a kan baƙin babur kusan irin na Yaya, yana jira a buɗe masa ƙofa ya fita.

"Yawwa," Yaya ya ce. "Mu ji nasa mu ji nawa, a yi adalci." Ya taka har gaban mutumin, ya gaishe shi, ya karkata kai, ya ce, "Malam, tayar da shi mu ji."

Babur ɗin a tashe yake. Tun da muka shigo yake gurnani a hankali, kowa a rumfar yana ji.

Mutumin ya dubi Yaya, ya dube ni. Ba wanda ya yi dariya, Allah ya saka musu da alheri. Yaya ya ga yadda fuskoki suka yi. Ya miƙa hannu a hankali ya ɗora tafinsa a kan tankin mutumin, ya bar shi a nan. Ina kallon hannun yana karkarwa tare da ƙarfen. Ya daɗe a haka, sannan ya ɗauke ya sa a aljihu.

"Inji mai kyau ne," ya ce wa mutumin. "Allah ya tsare hanya."

Ya koma wurin mai gwajin ya tambaye ta wace rana zai dawo. Ta faɗa masa, wannan karon da ƙarfi, tana kallon fuskarsa. Ya gode mata. Bai tayar da babur ɗin ba, tura shi ya yi har gida da ƙafa cikin rana, ni kuma ina bin sa a baya da mota, 'yan bayana suna ta danna min hon.

Kwanaki bai je shago ba, bai taɓa babur ɗin ba. Yakan zauna a tsakar gida yana kallon sa. Sai wata safiya ya leƙo shagona, ya tsaya a tsakanin yadudduka kamar mai neman ɗinki.

"Auta, kina da aiki da yawa?"

"Ina da shi."

"To ajiye. Zo ki ara min kunnenki."

Muka je wurin mai walda. Aka lanƙwasa sabon bututu, aka naɗe shi da sabuwar auduga. Yaya ne ya faɗi tsayinsa da yawan hudar da za a yi, don wannan ilimin yana nan a kansa ba inda ya je. Ni aka zaunar a kan bokitin fenti a bayan salansar, da wayata a hannu mai abin awo a ciki, wanda ranar bai ce komai a kansa ba. Ya murɗa totur ya dube ni, na girgiza kai. Aka zaro, aka ƙara auduga. Ya sake murɗawa ya sake duba na. Mutumin da ya rene ni, wanda ban taɓa gaya masa abin da bai riga ni sani ba, shi ne yake jiran in gyaɗa masa kai. Da lambar ta sauka inda ake so na gyaɗa.

Ranar komawa gwaji lambar ta tsaya a kore, gab da iyakar, kamar yadda ya yi alkawari tun farko. Mai gwajin ta ɗaga masa babban yatsa. Ya gyaɗa kai, bai kashe injin ba. Ya yafito ni da hannu, na matso.

Ya ce, "Ya muryarsa take?"

"Tana da kauri, Yaya. Ba ta da tsiwa. In ka saki totur tana sauka a hankali."

"Ba ya tari?"

"Ba ya yi."

"Ai na sani," ya ce. "Ni na gyara shi."

Ya ja hular kwanonsa ya rufe fuska, ya fita a giya ta ɗaya, ya tsaya a danjar bakin ƙofa har ta ba shi hannu.

Da yamma na bi ta gidan. Na same shi a tsugune yana goge ƙafar babur ɗin da tsumma. Bai ɗago ba ya ce in bincika masa wace rana likitan kunne ke ganin mutane, kuma ko abin nan da ake maƙalawa a bayan kunne yana hana mutum sa hular kwano. Na ce zan tambaya. Ya rage murya, wato a ganinsa ya rage, ya ce, "Amma kada ki gaya wa uwar yaran nan tukuna. Ba ta lura ba, ba na son hankalinta ya tashi."

Tana tsaye a bayansa da farantin abinci a hannu. Tun ɗazu take kiran sa.