Ranar da Na Koya wa Surukina Ciniki

A lokacin da abin nan ya faru ni matashi ne ɗan Bodinga, mai bakin magana da rawar kai, wanda ya ɗan taɓa boko har yana iya gaisawa da Bature ba tafinta. Wani kamfanin Turawa mai kanti a Sakkwato ya ɗauke ni aiki, ba don in sayar da kaya ba, sai don in bi kasuwanni ina koya wa 'yan koli da 'yan tireda yadda za su sayar da fitilar ƙwai da lagwani da sabulu da ashana. Aka ba ni keke da akwatin kayan gwaji, aka ce daga Bodinga zuwa Sifawa, Shagari har Kajiji duk ƙasata ce. Mutane suka raɗa mini malamin kanti, sunan ya yi mini daɗi kamar an naɗa mini rawani. Yanzu na tsufa, gwiwa ta ƙi, kuma na gaji da riƙe wannan labari ni kaɗai.

Aiki ne na wahala, ko da yake a lokacin ba na yarda in faɗa. Kullum ina bisa hanya, yau taya ta fashe, gobe yashi ya sa in sauka in tura. Da damina in ɗauki keken a ka in ƙetare rafi, in isa gari jiƙe, in kwana zauren mutumin da ban sani ba, da safe in wanke fuska in tsaya gaban 'yan kasuwa ina murmushi. Karatun kuwa ɗaya ne ko'ina, na maimaita shi har ya fita raina: ka dubi mai saye cikin ido, ka kira sunansa, ka ɗora masa kayan a hannu, kada ka bari ya juya baya a kan tayin farko. Bayan bayani sai gwaji. In fito da mutum ɗaya tsakar taro, in zama mai sayarwa shi mai saye, sannan mu juya, in riƙa kushe kayan ina gyara masa baki. Dattawan da suka girmi ubana a kasuwa suna zaune suna gyaɗa kai, ni kuwa na ɗauka gamsuwa ce.

Matata 'yar Shagari ce. Mahaifinta tsohon ɗan koli ne, mutum mai sanyin hali, wanda ya ba ni 'yarsa tun ba ni da komai sai rigar wuyana. Tsakanina da shi akwai kunya irin tamu, cikakkiya. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa duban fuskarsa ba. Idan na je gaisuwa tun daga nesa nake cire takalmi in durƙusa, kaina ƙasa, shi ma ya kau da kai ya amsa a taƙaice. Ba na cin abinci inda zai gan ni, shi ma haka. In yana da magana da ni sai ya aiko ƙanensa. Wanda bai san mu ba zai ce ba ma shiri, alhali wannan nisan shi ne girman da yake ba ni, shi ne shaidar cewa ni na gida ne.

Sai kamfani ya kafa doka cewa ba za a ƙara ba kowa kaya ba sai wanda ya zauna karatuna. Surukina kuwa kolinsa ya ja baya, fitilar nan ce take ciyar da gidansa. Na yi dabara cewa in ranar Shagari ta zo zan bar shi can baya, in yi kamar ban gan shi ba, a tashi lafiya. Ashe ranar ce Baturen da ke kaina ya zaɓa ya biyo ni cikin motarsa don ya ga aikina. Muka taru ƙarƙashin wata tsamiya a bakin kasuwa, aka aje masa kujera. Da lokacin gwaji ya yi na miƙa hannu zan kira wani, sai Bature ya nuna dattijon da ke ɓuya bayan mutane, ya ce wancan yake so, don ya lura tun da aka fara bai ɗaga kai ba.

Na matsa kusa da shi, da guntun Turancina na gaya masa cewa wannan uban matata ne, a wurinmu ba a haka. Ya yi dariya, ba ta mugunta ba, ya ce ai ya ma fi kyau, shugaba na ƙwarai da nasa yake farawa, in ban iya gyara na gidana ba yaya zan gyara na waje. Na tuna keken, na tuna albashin, na tuna in na ƙi ni zan rasa aiki, tsohon kuma ya rasa kaya. Har yau ina lissafa waɗannan dalilai, kuma har yau ba su taɓa ba ni barci ba.

Na kira shi. Da sunansa na kira shi, a gaban mutanen garinsa. Wasu dattawa biyu suka tashi suka kaɗe rigunansu suka tafi. Ya taso a hankali ya tsaya gabana, kansa sunkuye. Na ɗora masa fitila a hannu, na yi surutun da na saba, muryata kamar ta wani. Da muka juya ya zama mai sayarwa, ya fara magana ƙasa-ƙasa yana duban takalmina, Bature ya yi gyaran murya, sai na ji bakina yana ce masa ya ɗaga kai ya dube ni. Ya ɗaga. Ranar na fara ganin fuskar mutumin da na haifa wa jikoki, ranar na san akwai yana a idonsa na hagu. Ya dube ni sosai, ba fushi, ya sayar mini da fitilar tsaf yadda na koyar, har da kiran sunana.

Bature ya ji daɗi ƙwarai. Ba a daɗe ba aka ƙara mini girma, ma'ana aka ƙara mini kasuwanni da nisan hanya. Ni kuwa sai na sayi goro, na nemi ƙanen surukina ya raka ni ban haƙuri. Na cire takalmi tun daga bakin hanya na durƙusa ƙofar zaure. Sai ga tsohon ya fito da kansa, ya tuɓe nasa takalmin, ya rusuna mini, ya ce, “Ranka shi daɗe, malamin kanti, mi kaka buƙata?” Ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo tuwo, ya zauna ya sa hannu cikin akushi ɗaya da ni yana ci, yana dubana, yana tambayata ko lagwanin bana ya fi na bara. Ƙanensa ya tashi ya fita. Na so a ce mari ya yi mini.

Da na gaya wa matata, sai ta shiga ɗaki ta yi kukanta. Bai raba mu ba, bai taɓa faɗin mugun abu a kaina ba, bai hana jikokinsa zuwa ba. Amma kunyar nan bai sake mayar mini da ita ba. Na aika malamai, na aika 'yan uwa, amsarsa ɗaya ce, wai shi ba a yi masa laifin komai ba. Duk zuwana Shagari zai tare ni da fara'a irin wadda ake yi wa baƙon da ake cin abinci a hannunsa, ni kuma in hau kekena in tafi kasuwa ta gaba in koya wa mutane duban ido. Haka muka zauna har Allah ya karɓi abinsa.

Na yi shekaru ina koyar da ciniki, abin da na fahimta a ƙarshe kaɗan ne. Kaya ana sayar da su ko an dubi ido ko ba a duba ba, tsofaffin nan sun yi ta sayarwa tun ba a haife ni ba. Shugabanci kuma ba nuna wa na sama cewa ba ka jin nauyin kowa ba ne. Akwai ranar da za a umarce ka da abin da kai kaɗai ka san nauyinsa, wanda ya ba da umarnin zai shiga motarsa ya tafi, kai za a bari da mutanen. Ku matasan da ake ba ragamar mutane a wurin aiki, in irin ranar nan ta zo muku ku tsaya ku ce a'a, ku sake cewa a'a, ko me za a rasa. Ni sau ɗaya na faɗa, da aka yi dariya na yi shiru. Aikin da na tsare ya ƙare tuntuni, surukina kuwa ya koma ga Allah yana ce mini ranka shi daɗe.