Moɗa Mai Jan Zare

Ni tela ne, shagona yana Fagge, ba nisa da Kantin Kwari. A ƙofar shagon akwai randa da moɗa guda, duk mai wucewa ya sha. Haka na tarar maigidana yana yi, haka na ci gaba.

Akwai wani tsoho Ibo da ke zuwa daga Sabon Gari da jakar kayan aiki, yana gyara mana kekunan ɗinki. Baba muke ce masa. Keken da ya gagari kowa, shi kunne kawai zai kara ya ce ga inda ciwon yake. Sai dai yana da tari mai zurfi, irin wanda sai ya dafa bango, ya tofar da baƙar majina a tsumma ya mayar aljihu.

Ban tambaye shi ba, na yanke cewa tarin tibi ne. Na sayo wata moɗa, na ɗaura mata jan zare, na rataye ta gefe. Da ya zo na miƙa masa ita. Ya dubi zaren, ya dube ni.

"Malam tela, sarauta aka ba ni? Har da moɗata ni kaɗai?"

Na ce, "Girmamawa ce, Baba."

Ya sha, ya yi godiya. Da a nan na tsaya da sauƙi, amma bakina bai tsaya ba. Na faɗa wa maƙwabcina, shi ma ya faɗa wa nasa. Kafin 'yan watanni layinmu duka ya daina kiran Baba. Yakan bi shago-shago yana gaisuwa, kowa ya ce masa kekensa lafiya lau.

Ranar zuwansa na ƙarshe babu wuta tun safe, masu keken lantarki duk mun yi jugum. A rediyo ana muhawara kan ko a sake buɗe ramukan kwal na Inugu don samar da wuta. Na ɗaga murya na ce a buɗe mana, arziki na kwance a ƙasa mu muna zaune a duhu.

Baba yana kan benci, yana shan ruwa daga gorar da ya fara yawo da ita. Ya ce, "Ka taɓa ganin kwal, Malam?"

"Ba gawayi ba ne?"

"Ba gawayi ba ne. Ni na haƙa shi tun ina saurayi. Da shi na yi aure, da shi na sa yara makaranta. In za a buɗe, a buɗe, amma a fara tambayar mu da muka shiga."

Tari ya sarƙe shi. Ni kuwa na ja kujerata baya, kuma ya gani.

Bayan kamar wata biyu wata mata ta yi sallama a shagon, ta ce ita 'yarsa ce, Baba ya rasu. Ta miƙo mini kwarkwaron tsohon kekena, wato gidan zaren ƙasa, da ya tafi da shi tun tuni. Ya gyara shi, ya ce a kawo mini. Bayan ta'aziyya, sai na ce ko su mutanen gidan sun je an gwada su.

"Gwajin me, Malam? Ƙurar kwal ce ta cika masa huhu. Likita ya ce ba a ɗauka. Ai ya san kuna gudunsa."

"To me ya hana shi faɗa mana?"

"Ya ce ba wanda ya tambaye shi."

Washegari na bi layin nan shago-shago, na faɗa musu ƙarya na yi wa Baba. Kowa ya ce Allah sarki, ya ci gaba da ɗinkinsa.

Har yau ina son wuta ta zauna, don da ita nake ci. Amma in aka tayar da maganar kwal a majalisa, shiru nake yi, ban san amsar ba. Wanda ya sani ya zauna a bencina shekara da shekaru. Moɗar tana nan da zarenta, da ita nake sha. Allah Ya yafe mini.