Mesa da Kasa a Gubaira

Sha'aban direba ne ya fara kawo mini labarin Ghali. Ya ce wani Bakano ya tara yaranmu a Gubaira, unguwarmu a nan ƙasar Larabawa, yana koya musu yaren da babu mai jin sa a unguwar. Rubuta da kyau, Muhibba, kada ki gyara mini baki.

Shi Ghali farrashi ne a wata makarantar 'ya'yan masu hali a unguwar Nasiriya, wato aikinsa shara da ɗauke-ɗauke. Shi ke kunna allon bango mai wuta wa wani malami da ke koya wa ƙananan yara Sifaniyanci. In yaro ya taɓa hoto, sai muryar wata mata ta faɗi sunan abin. Ghali yana goge tagogi, kunnensa yana aji. Ranar da aka taɓa hoton kwaɗo matar ta ce "rana", dariya ta ƙwace masa har tsumma ya faɗi.

Da makarantar ta sake kaya, sai malamin ya ba shi tsohuwar kwamfutar hannu, mai kamar faranti, gefenta a tsage, da hotunan nan da muryar matar a cikinta. Ghali ya kawo ta Gubaira. Duk Juma'a bayan la'asar sai ya shimfiɗa tabarma a ɗakinsa, yara su cika. Ana tambayarsa me ɗan farrashi da ɗan direba za su yi da Sifaniyanci. Shi kuwa amsarsa ɗaya ce: "'Ya'yan Nasiriya kai biyu gare su? Abin da ya shiga kansu zai shiga na namu."

To, a yaren nan tebur shi ne mesa, gida kuma kasa. Wata rana 'yar Harouna, wani magini mutumin Damagaram, ta shiga gida da gudu tana nuni tana ihu, "Mesa! Kasa! Mesa!" Uwarta Delou tana tuƙa tuwo. Ita da ta girma a ƙauyen da maciji ke kwana a rumbu, ba ta tsaya tambaya ba, ta yi watsi da muciya ta haye bisa buhun shinkafa tana salati. Tukunya ta kife.

Harouna ya tara iyaye, suka yi wa ɗakin Ghali tsinke yara na ciki.

Harouna ya ce, "Kai Bakano, halas, ya isa! A rufe wannan aji yau."

"Sannu da zuwa, Baba. Ashe Badamagare ma yana tsoron tebur?"

"Ba wasa ya kawo ni ba, bawana. Yaranmu ko Hausa ba su iya ba, sai Larabci, kai kuma ka ƙaro musu yaren wata duniya."

Ghali ya miƙe ya tsaya a bakin ƙofa. Ya ce, "Ɗakina ne, allona ne, ba zan rufe ba. Wanda zai ɗauke ɗansa ya ɗauka, amma ya tsaya ya ji abu ɗaya tukun." Ya juya wajen yaran. "Yalla, wa zai gaya mini mece ce mesa da Hausa?"

Yara suka ce tebur.

"Ba da yaren matar ba. Da yaren babanku."

Shiru. Ya tambayi kasa, nan ma shiru. 'Yar Harouna ta ce ko ƙasa yake nufi, wadda ake takawa. Nan Harouna ya sunkuyar da kai, don a ƙafarsa ta hagu akwai tabon saran kasa tun yana saurayi a gonar gero, kuma 'yarsa ba ta san sunan abin da ya kusa kashe ubanta ba.

Ghali ya ce, "Ba ni na ƙwace musu Hausa ba, Baba, haka na same su. Ga wani wuri nan a allon, in an danna sai ya ɗauki murya. Kowane hoto, matar ta faɗi nata, uba ya faɗi namu. Sai yaro ya tashi da biyu."

Sha'aban ne ya fara. Ya danna hoton kwaɗo ya ce, "Wannan kwaɗo ne, rana tana sama, kada matar nan ta ruɗe ku." Yara suka fashe da dariya. Mukhtari tela ya ɗauki hoton tebur, ya ba da labarin mesar da ta haɗiye akuyar kakarsa. Har ni tsoho an sa ni na yi wa hoton jaki magana. Hoton gida kuwa Ghali ya hana kowa taɓawa. Ya ce kasa ta mai tabo ce.

Harouna ya ce shi ba ya magana da faranti, ya ja 'yarsa ya fita. Ghali bai daina ba. Duk inda suka haɗu, masallaci ko bakin shago, sai ya ce, "Baba, kasarka tana jiranka." Harouna ya ce, "Ta mutu da yunwa." Amma da aka kwana biyu yarinyar ta dawo aji, kuma Delou ce ta rako ta da kanta.

Ana nan sai kafilin Ghali, wato mai tsaya masa a ƙasar, ya ƙi sabunta masa iƙama, takardar izinin zama, aka buga masa fita ba dawowa. Ana cikin haɗa masa kaya Harouna ya aiko cewa ya kawo farantin nasa ranar Juma'a, zai faɗa, amma sau ɗaya. Jirgin Ghali kuwa ranar Laraba ne. Ghali ya roƙi a matso da ranar, amma Harouna yana wajen gini a bayan gari, ba a same shi ba.

Ghali ya ajiye allon a hannuna. Ya ce, "Baba, kada a rufe ajin, kuma kada kowa ya cike wurin kasa sai Harouna."

Ba a rufe ba, Rukayya yayarki ce ke shimfiɗa tabarmar yanzu. Harouna kuwa ya ce da Bakano ya yi alkawari, ba da mu ba, sai ya dawo ya riƙe masa farantin da hannunsa. Har yau in yaro ya taɓa hoton gida, matar ta ce "kasa", sai shiru ya biyo baya.